Filifins: Kasuwar Da Sai An Saba Ake Saye

Duk wanda ya buɗe shafin kasuwanci a Facebook da nufin sayar wa mutanen Filifins, saƙon da zai fi cin karo da shi gajere ne ƙwarai: "HM po?" Haruffa biyun farko taƙaitawa ce ta tambayar "nawa ne?" a Turance. Shi kuwa "po" kalmar ladabi ce ta harshen Tagalog, wadda ƙarami ke liƙa wa maganarsa a gaban babba, baƙo ma yake yi wa baƙo. Ko an rubuta farashin ɓaro-ɓaro a jikin hoton, sai an sami masu tambaya. Ma'aikacin kamfani da ke zaune a Landan ko Dubai zai iya ɗauka mutanen nan ba sa tsayawa su karanta. Sun karanta sarai. Sallama suke yi a ƙofar shago, suna so su ji ko akwai mutum a ciki, kuma wane irin mutum ne.

A ganina nan ne bakin zaren duk maganar gina suna a intanet a wannan ƙasa, kuma nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe, domin alƙaluman Filifins suna da ruɗi. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum miliyan 109 a warwatse a tsibirai fiye da 7,600. Rahoton shekara-shekara na We Are Social, kamfanin da ke bibiyar yadda ake amfani da intanet, ya yi shekaru a jere yana sa su a kan gaba a duniya wajen daɗewa a kafafen sada zumunta. A rahoton 2021 mai amfani da su yakan shafe sama da awa 4 a kullum a kai, da kusan awa 11 a intanet gaba ɗaya. Ranar 24 ga Oktoba 2015, masoyan Alden Richards da Maine Mendoza, 'yan wasa biyu na shirin talabijin ɗin rana mai suna Eat Bulaga, sun aika saƙo fiye da miliyan 40 a Twitter a kan maudu'i guda cikin awa 24, har abin ya shiga kundin Guinness. Wanda ya ga wannan sai ya ce kakarsa ta yanke saƙa: ya zuba kuɗin talla, mabiya su yi ta kwarara. Za su kwarara kuwa. Sai dai mabiya a can ba su da wuyar samu, kuma sau da yawa taron tsintsiya ne ba shara. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya buɗe lalitarsa, ya kuma dawo gobe.

Asalin wannan ɗabi'a ya girmi Facebook. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kiran waya ke da tsada, tes kuma ke da araha, 'yan Filifins suka rungumi saƙon tes har aka riƙa yi wa ƙasar laƙabi da babban birnin tes na duniya. A Janairun 2001 da saƙon tes aka yi gayyar jama'ar da ta cika titin EDSA na Manila har Shugaba Joseph Estrada ya sauka daga mulki. Daga baya manyan kamfanonin waya biyu, Globe da Smart, suka shiga gasar jawo masu layi. A 2013 Globe ta ba masu layinta damar shiga Facebook kyauta, a 2015 Smart ta kawo nata tsarin tare da Facebook ɗin. Ga miliyoyin mutane masu sayen kati na 'yan kuɗi kaɗan, intanet ta zama Facebook, Facebook ta zama intanet. Kana ciki, ba ka biyan komai. Ka latsa wani adireshi da zai fitar da kai waje, data ta fara ci. Yau data ta yi sauƙi, kamfani na uku, DITO, ya shigo a 2021, TikTok da YouTube sun ƙwace wani babban kaso na lokacin jama'a, amma sabo ya riga ya kama jiki. Mutane suna neman kaya a Facebook, su yi ciniki a Messenger, su tura ƙorafi a nan. Kamfanin da ya kashe miliyoyi ya gina katafaren shafin intanet, sannan ya bar akwatin Messenger ɗinsa ba mai amsawa, kamar wanda ya gina bene ne a bayan gari ya bar rumfarsa ta kasuwa a kulle.

Don a fahimci abin da mai saye ke nema a akwatin nan, sai an leƙa shagon unguwa da suke kira sari-sari. Kalmar tana nufin kaya iri-iri, ba ta da alaƙa da namu sarin. Irin waɗannan shaguna sun haura miliyan ɗaya, yawanci taga ce kawai a jikin gida, galibi mace ce a bayanta. A nan ake sayar da komai a tingi, wato ƙulli-ƙulli: sabulun wanke kai na wanka ɗaya, kofi na kofi ɗaya, kati na yini ɗaya. A nan kuma ake samun suki. Kalma ce guda da ke nufin mai sayen da ya saba da kai, tana kuma nufin mai sayarwar da ka saba da shi. Duk su biyun suki suke kiran juna. Suki shi ake yi wa ragi ba tare da ya roƙa ba, shi ake yi wa gyara, shi ake ba bashi a rubuta a littafi har ranar albashi, shi ake gaya wa gaskiya idan kayan yau ba su yi kyau ba. Bahaushen da ya taɓa samun mai tireda na amana a unguwarsu ba ya bukatar dogon bayani. Abin da kamfani ke ƙoƙarin ginawa a intanet a Filifins, ko ya sani ko bai sani ba, wannan dangantakar ce, kuma ba a gina ta da talla kaɗai. Ana gina ta da amsa saƙo cikin mintuna, da kiran mai saye "Ma'am" ko "Sir", ko "Ate" da "Kuya", wato yaya mace da yaya namiji, da tuna cewa ya taɓa saye.

Akwai tarko a nan. Masu sayarwa da yawa sun mayar da hirar wata dabara: a tambaye su farashi a fili, su ce sun tura ta saƙon sirri. Ma'aikatar ciniki da masana'antu ta ƙasar, DTI, ta sha gargaɗi cewa wannan ya saɓa wa dokar kare masu saye ta 1992, wadda ta wajabta bayyana farashi, kuma dokar cinikin intanet da aka sanya wa hannu a Disamban 2023 ta ƙara ɗaure masu sayarwa da dandalin da suke sayarwa a kai. Saboda haka a rubuta farashi a fili, sannan idan an tambaya a amsa da fara'a kamar ba a rubuta ba.

Batun biyan kuɗi ma amana ce ke juya shi. Katin bashi na banki bai yaɗu ba, kuma kowa yana da labarin wanda aka damfara, don haka tsarin kaya a hannu kuɗi a hannu ya daɗe yana mulki: mai babur ya kawo, a biya shi a ƙofar gida. Shopee da Lazada, manyan dandalan sayayya ta intanet, ba su cika kasuwar ba sai da suka amince da wannan. Annobar korona ce ta sauya lissafi. Binciken babban bankin ƙasar ya nuna manyan da ke da asusun ajiya sun tashi daga kashi 29 cikin ɗari a 2019 zuwa kashi 56 a 2021, kuma asusun waya irin su GCash, wanda Globe ta fara tun 2004, da Maya su ne suka ja ragamar. Yanzu har mai sayar da soyayyar ayaba a bakin titi yana da lambar GCash. Kamfanin waje da ya zo da shafin biya mai neman katin banki kaɗai ya rufe ƙofa a fuskar mafi yawan masu saye tun kafin su yi sallama.

Sai kuma sayarwa kai tsaye ta bidiyo, wadda ta bunƙasa a Facebook kafin TikTok Shop ya shigo a 2022. Mace ce zaune a ɗakinta da tarin kaya, tana ɗaga riga, tana faɗin lambarta da farashi, tana kiran masu kallo da sunayensu, tana zolaya. Wanda ya fara rubuta "mine" da lambar, wato shi ya ɗauka, kayan sun zama nasa. Suna da wata kalma, budol, wadda asalinta sunan damfara ne, amma yanzu da dariya ake faɗin ta: ƙawata ta yi mini budol, ma'ana ta yaba kaya har na saya ban shirya ba. Wannan ya nuna inda ƙarfin yake. Shawarar ƙawa, ko ta wata mai 'yan dubban mabiya da ake jin tamkar maƙwabciya ce, takan fi tallar da aka kashe wa dukiya tasiri wajen sa a saya, ko da yake fitattun taurari har yanzu su ne ke sa a fara sanin suna.

Da wane harshe za a yi magana? Baƙi sukan yi murna da jin cewa Turanci harshen hukuma ne tare da Filipino (wanda aka gina kan Tagalog), gadon mulkin Amurka daga 1898 zuwa 1946, kuma mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suna cin abinci da shi a kamfanonin amsa kiran waya da makamantansu. Gaskiya ne za a fahimci tallarka ta Turanci. Amma fahimta daban, jin cewa da kai ake daban. Turanci zalla yana ɗauke da ƙamshin banki da unguwar masu kuɗi, har suna da barkwancin cewa idan ya yi nauyi yana sa mutum haɓo. Tagalog zalla mai zurfi kuma sai ya yi kama da littafin makaranta. Abin da bakin mutane ke furtawa a Manila gauraye ne da ake kira Taglish, kuma gaurayen yana da ƙa'idarsa. Wanda ya haɗa shi da injin fassara, jimla ɗaya ta isa a gane shi. Manila kuma ba ita ce Filifins ba. Ƙasar tana da harsuna fiye da 170. A Cebu da Davao da mafi yawan tsibirin Mindanao na kudu, harshen Bisaya ake yi, kuma akwai tsohon ƙorafi a can cewa Manila tana ɗaukar kanta ita ce kowa. Kamfanin da ya ɗauki marubucin Bisaya ya yi wa mutanen kudu magana da harshensu yakan sami karɓuwar da kuɗin talla ba sa saya.

Wanda ya fi kowa iya wannan magana shi ne Jollibee. Tony Tan Caktiong ya fara da shagon askirim a 1975, ya mayar da shi gidan abinci a 1978, kuma ko da McDonald's ya shigo a 1981 bai iya ture shi ba. A Fabrairun 2017 kamfanin ya saki gajerun bidiyo uku a Facebook a jerin da ya kira Kwentong Jollibee, wato labaran Jollibee. A ɗaya, yaro ne ya kai mahaifiyarsa cin abinci ranar masoya, yana bin umarnin da mahaifinsa ya naɗa masa kafin ya rasu. A wani, saurayi ne ke tsaye a wurin ɗaurin aure, sai a ƙarshe mai kallo ya gane ba shi ne angon ba. Miliyoyi suka kalla cikin 'yan kwanaki, har mutanen wasu ƙasashe suka riƙa ɗaukar kansu suna kuka. Kaza da shinkafar da ake sayarwa ba su fi 'yan daƙiƙu a bidiyon ba. Suna da suna ga irin wannan magana mai fitowa daga ƙasan zuciya, hugot, kuma tana ratsa waƙoƙinsu da hirarsu ta yau da kullum. Abin da na fi so mai karatu ya lura da shi shi ne, Jollibee ya yi kusan shekara 40 yana cikin bukin zagayowar haihuwar yara da fitar iyali ta ranar Lahadi kafin ya taɓa zuciyar mutane haka. Baƙon da ya zo jiya ya kwaikwayi hawayen, za a ji ƙarya a ciki.

Ɗaya ƙofar ita ce dariya. A Nuwamban 2020 RC Cola ya fitar da wata talla da kamfanin Gigil ya shirya: yaro ya dawo gida yana kuka yana tambaya ko ɗan riƙo ne shi, ya cire riga sai ga kofunan gilashi huɗu a bayansa, uwar kuma ta cire kanta sai ga kwalbar lemo. Ba ta da ma'ana, kuma da gangan aka yi haka. Matasa suka yi ta yaɗa ta. Angkas, manhajar 'yan acaɓar Manila, ta gina sunanta da barkwanci a Twitter kamar wani abokin hira, kuma da hukuma ta yi yunƙurin rage yawan matuƙanta a Disamban 2019, dubban masu babura suka fito titi, fasinjoji kuma suka tsaya mata a intanet. Amma wuƙar tana da kaifi biyu. A Agustan 2021 asibitin gyaran jiki na Belo ya saki tallar da ke nuna mace tana ƙiba, fuskarta na lalacewa a zaman kullen korona. Jama'ar da ke binne 'yan uwa, suna rasa aiki, ba su ga abin dariya ba. Aka janye tallar, aka ba da haƙuri. 'Yan Filifins suna yi wa kansu dariya ko a tsakiyar ambaliya, amma ba sa yafe wa wanda ya yi musu dariya daga sama.

Kalandarsu ma tata ce daban. Kirsimeti yana farawa ranar 1 ga Satumba. A ranar hotunan mawaƙi Jose Mari Chan ke cika intanet, shaguna su kunna waƙoƙin biki, a yi ta yi har Janairu. Ana biyan albashi sau biyu a wata, wajen 15 da 30, kuma ciniki yana hawa da sauka tare da ranakun nan. Tun 1975 doka ta wajabta biyan ma'aikata albashin wata na 13 kafin 24 ga Disamba. A kan wannan ne gwanjon 9.9 da 11.11 da 12.12 (wato 9 ga Satumba, 11 ga Nuwamba da 12 ga Disamba) na Shopee da Lazada suka zauna daram. Wanda ya fara shirin Kirsimeti a Nuwamba ya tarar an watse.

Akwai kuma wani mai saye da ba ya cikin ƙasar. Miliyoyin 'yan Filifins suna aiki a waje, kuma a 2023 sun aika gida kusan dala biliyan 37, sama da kashi 8 cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar. Duk wanda ya taɓa kwanciya ko jinya a asibitin Jidda ko Riyad ya ga ma'aikatan jinyarsu. Matar nan da ke tsaye kan majinyaci a Saudiyya ita ce ke zaɓar wayar da ɗanta zai riƙe a Iloilo, ita ke biyan kuɗin makaranta, ita ke cika babban kwalin tsaraba da suke kira balikbayan tana aikawa gida. Kamfanin da ya taƙaita tallarsa ga masu zama cikin iyakar ƙasar yana magana da mai amfani da kaya, ya bar mai biyan kuɗin.

Inda baƙi suka fi ƙonewa shi ne kishin ƙasa. 'Yan Filifins suna son a yaba ƙasarsu, kuma masu ɗaukar bidiyo na waje sun gano haka: ka ci abincinsu a gaban kyamara ka yi santi, kallo ya yi ta hauhawa. Har suna suka ba wannan, Pinoy baiting, wato ɗana wa ɗan ƙasa tarko da yabo, kuma yanzu suna gane shi daga nesa. A Agustan 2021 makarantar intanet ta Nas Daily, wani fitaccen mai ɗaukar bidiyo ɗan ƙasar waje, ta tallata darasin zanen jiki na gargajiya da sunan Whang-od, dattijuwa 'yar ƙabilar Kalinga da ta haura shekara 100. Wata jika daga danginta ta fito ta ce tsohuwar ba ta fahimci abin da aka sa ta amince da shi ba, hukumar kula da 'yan asalin ƙasa ta shiga maganar, dubban ɗaruruwan mabiyan Nas Daily suka watse cikin kwanaki, aka dakatar da darasin. Ko gwamnati ba ta tsira ba. Taken yawon buɗe ido na 2012, mai cewa an fi jin daɗi a Filifins, ya yi nasara ne saboda an sakar wa jama'a shi suka riƙa liƙa shi a kan hotunansu. Wanda ya gaje shi a 2023 kuwa, cikin 'yan kwanaki masu sa ido suka gano cewa bidiyonsa na ɗauke da hotunan Indonesiya da Suwizalan da Daular Larabawa. Kamfanin DDB da ya shirya shi ya nemi gafara, ma'aikatar yawon buɗe ido ta soke kwangilar.

Wannan sa idon yana da dalili. Tun zaɓen 2016 Filifins ta zama abin misali a duniya wajen sojojin baka na haya da asusun bogi, kuma binciken da Jonathan Corpus Ong da Jason Cabañes suka wallafa a 2018 ya nuna cewa manyan masu tsara aikin ƙwararru ne daga harkar talla da hulɗa da jama'a. Ma'ana, hannun da ke tallata sabulu da rana yana iya zama shi ke tallata ƙarya da dare. Kamfanin da ya shigo zai sami masu yi masa tayin mabiya da yabon saye, da araha. Ina ganin karɓar wannan tayi cin amanar mai saye ne tun kafin a fara ciniki, ban da cewa ba ya biya: mai saye a can ya koyi buɗe sharhin masu tauraro ɗaya da farko, ya duba hoton da wani ya ɗauka da wayarsa, ya tambayi dandalin unguwa ko shagon na gaskiya ne.

Kada a manta da Musulmin ƙasar, wajen kashi 6 cikin ɗari a ƙidayar hukuma, mafi yawansu a Mindanao da tsibiran Sulu, inda aka kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa a 2019. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah duk ranakun hutu ne na ƙasa. Mai sayar da abinci ko man shafawa da ke da shaidar halal, ya kuma nuna ta a fili, yana da kasuwa a Cotabato da Marawi da unguwar Quiapo ta Manila, wadda kamfanoni da yawa ke tsallakewa saboda idonsu na kan Kirsimeti kaɗai.

Duk wannan ana gwada shi ne ranar da kaya suka maƙale. Guguwa kusan 20 ke shiga yankin ƙasar a shekara, kuma kayan da suka bar Manila zuwa wani tsibiri sai sun hau jirgin ruwa ko na sama. Ranar 16 ga Disamba 2021, kwana huɗu bayan gwanjon 12.12, guguwar da suke kira Odette ta afka wa Siargao da Bohol da Cebu, ta katse wuta da layin waya na makonni a wurare da dama. Kamfanin da ya tsara saƙonnin tallarsa tun wata guda ya bar na'ura tana sakinsu, sai ya wayi gari yana yi wa mutanen da rufin gidansu ya tashi albishir da ragin farashi. Da layi ya dawo, matar da ta biya kuɗin kyautar 'ya'yanta tun ranar 12 za ta rubuto daga Bohol, da Bisaya, tana tambayar ina kayanta suke. Wanda zai karɓi saƙon ya kamata ya ji harshenta, ya san sunan guguwar, ya fara tambayar lafiyar iyalinta, kuma ya kasance an ba shi ikon mayar mata da kuɗinta a GCash a ranar, ba sai ya jira amincewar wani ofishi a wata ƙasa ba.